Ƙofar Shagon Saje Mantau

Yau na tura ƙofar shagonka, Baba,
ta yi kukan da ta saba.
Shekara talatin kana cewa gobe za ka ɗiga mata mai.

Ƙamshin maɗaci bai fita ba.
Ga zarto a rataye, ga guduma,
ga gwangwanin madara cike da lanƙwasassun ƙusoshi
da ka ce kowacce tana da sauran aiki a duniya.
Guntun fensirinka na tsinta a ƙasa,
har yanzu da shaidar haƙoranka.

Duk Katako an yarda
harsashi ne ya ɗauke maka ɗan yatsa.
Ka bar su a haka, har ka kan gyaɗa kai.
Mu a gida mun san zarto ne,
wata Talata, kana tsakar yanka,
Inna Delu ta gifta da tiren gyaɗa
ka bi ta da ido.
Ka ce ba a taɓa biyan sadaki mai araha irin naka ba.

Yaƙin kuwa, ba ka ba mu labarinsa ba.
Sai in ƙanƙara ta sauko wa Jos
tana dukan kwanon ɗaki,
ka ajiye cokali,
ka ƙirga mu da suna, ɗaya bayan ɗaya,
har da Sabi'u da ke Kano a lokacin.
Sau ɗaya tak ka ce,
"Akwai wani yaro, Gyang, ya ba ni ruwan gorarsa."
Ka tsaya nan.
Amma duk Kirsimeti sai ka hau motar Bukur
da kwanon shinkafa da sabuwar kujera 'yar tsugunno,
ka kai wa tsohuwarsa.
Kujera goma sha tara ta tara kafin ta rasu.

Kowace shekara ka goge takalmi,
ka sa kwat ɗin sojan nan mai warin kafur,
ka rungumi takardu zuwa Abuja.
Ka dawo da burodi biyu da ciwon baya,
ka ce, "Na je na shaida musu ina da rai,
sun ce za su bincika."

Bencin coci ka yi, allon makaranta ka yi,
gadon amaren rabin Gangare daga hannunka ya fito,
mu kuma teburinmu na cin abinci
da ninkakkiyar takarda yake tsaye har yau.
In Inna ta yi magana ka ce layi ake bi.

Ka kan ce da yaran shago,
"Katako ba ya rufa asiri.
Ka cuce shi da rani, damina ta tona ka."
Nanle ya riƙe wannan, ya buɗe nasa a Farin Gada.
Da ya zo gaisuwa bai iya cewa komai ba,
sai shafa ƙafar kujera yake.

Makarar masallacinmu, kai ka haɗa ta, kyauta,
ina 'yar aji uku.
Na tuna ka kwanta a ciki kana dariya,
ka ce a duba ko ta yi maka.
Inna ta yi kwana biyu ba ta kula ka ba.
Ran Asabar ta yi maka, Baba, cif.
Kafaɗa ta karɓa daga kafaɗa har maƙabarta,
ko ƙis ba ta yi ba.

Allah ya sa ka huta, ya haskaka makwanci.
Littafin bashinka na buɗe ɗazu,
na ga ka riga mu,
ka bi sunayen duka da fensir ka soke.

Mantau suka sa maka.
Sunan bai kama mu ba.

Na zo da mai a 'yar kwalba, don ƙofar.
Na daɗe a tsaye.
Na mayar da shi jaka,
na ja ta a hankali, ta yi kukanta.